Wasan harbi na awa guda da kuɗinsa ya haura jaka goma: riba ko asara?

ɗan_Mokoyo:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Akwai wani wasa da nake so mu tattauna a kansa, sunansa Rez Infinite, a PS4 nake buga shi. Wasan harbi ne, amma ba irin su Free Fire da PUBG ba. Ba kai ke tafiyar da mutuminka ba, wasan ne ke jan ka gaba bisa hanyar da aka riga aka shata, kai dai naka saiti da harbi. Ka danne maɓalli, ka bi da alamar saiti kan abokan gaba har guda 8, ka saki, harsasan su tashi gaba ɗaya. Abin da ya kama ni shi ne duk harbin da ka yi yana zama sauti cikin kiɗan da ke tashi, kuma yana faɗawa daidai kan bugun. Manet ɗin ma, wato abin da ake riƙewa a buga wasan, tana kaɗawa a hannunka tare da bugun. Allon kuwa layukan haske ne kawai, ja da shuɗi da ruwan goro, suna wargajewa suna sake haɗuwa har ka rasa ina ne sama ina ne ƙasa.
To ga inda gardamar take. Wanda ya iya, cikin awa guda da ɗan wani abu zai kai ƙarshensa, kuma kuɗinsa ya haura jaka goma. Wasu na cewa cuta ce. Ni kuwa na ce wannan awa guda ta fi mini wasannin da ake wata biyu ana yawo cikinsu ba a san inda aka dosa ba. Mi kuka gani?

Sabongari227:
Wa alaikumus salam. Ni ina tare da masu cewa cuta ce. Jaka goma ba ƙaramin kuɗi ba ne a wanga lokaci. GTA San Andreas tun 2004 ya fito, har gobe yara na buga shi cikin unguwa ba su ƙare da shi ba. Ka hau mota, ka sauka, ka shiga lungun da ranka ke so. Wasan da ba ya barin ka ko juya dama da hagu da kanka, mi ya raba shi da kallon bidiyo?

MaiGidanPlay_Bagalam:
Bari in faɗi tawa ta ɓangaren sana'a. A gidana yaro na biyan dala ashirin ya buga ƙwallo wasa ɗaya da abokinsa, wanda aka ci ya miƙa manet ga na baya. Haka kuɗi ke shigowa. Wasan mutum ɗaya, komai kyansa, ba ya ciyar da gida, don mutum guda zai zauna ya riƙe tele sauran na kallo.
Amma kada a ce yaranmu ba su son wasan da ke jan mutum da kansa. Zamanin PS2 na taɓa riƙe Time Crisis da bindigarsa ta roba mai waya, layi ake yi a kansa har bakin ƙofa. Shi ma ai ba kai ke tafiya ba, ana kai ka wuri ka laɓe, ka leƙo ka yi harbi, a ƙara gaba da kai. Abin da ya kashe shi shi ne bindigar ba ta aiki sai da tsohuwar tele mai ƙaton baya. Da muka koma masu faɗin nan sai ta zama kayan ajiya.

Bakatsine_Jibiya:
Na san wasan nan. Sony ne suka yi shi a 2016 don su tallata gilashinsu na PlayStation VR, wanda ake ɗaurawa a ido ka ga kamar kana cikin wasan. Shi ya sa yake gajere, ai talla ce.

Malam_Lissafi:
@Bakatsine_Jibiya, ɗan'uwa, ba Sony suka yi shi ba, kuma ya girmi 2016 nesa. Kamfanin Sega ne ya fitar da Rez a Japan cikin watan Nuwamba 2001, a kan na'urorin wasa na Dreamcast da PS2. Wanda ya jagoranci aikin sunansa Tetsuya Mizuguchi. A 2008 aka sabunta shi a Xbox 360 da sunan Rez HD. Na 2016 ɗin da kake magana shi ne Rez Infinite, wanda aka ƙara wa VR da wani sabon zango mai suna Area X, sannan ya zo kwamfuta a 2017.
@Sabongari227, maganar gajarta kuma tana da asali. Irin waɗannan wasanni a gidajen wasa na jefa sulalla aka haife su. Space Harrier na Sega tun 1985 ne. Daga baya Star Fox ya zo a 1993, Panzer Dragoon a 1995, Star Fox 64 a 1997. Ba a gina su don ka gama sau ɗaya ka ajiye ba. Ɗauki Star Fox 64: zangonsa 15 ne, amma a tafiya guda 7 kawai za ka ratsa, kuma yadda ka buga shi ke zaɓa maka hanyar da za ka bi. Wanda ya ce ya gama shi cikin awa guda, rabinsa ma bai gani ba.

Bakatsine_Jibiya:
To madalla, Allah ya ƙara sani Malam. Ke nan wanda ke da PS2 zai iya samun na asalin?

Malam_Lissafi:
Zai iya, in ya dace da faifan. Area X ne kawai da VR babu a ciki.

Sabongari227:
Malam, na ji tarihi, amma ba a amsa mini ba. Maimaita hanya ɗaya sau goma ai ba ya mayar da ita hanya goma. Abokan gaba daga wuri ɗaya suke fitowa kullum, ko ba haka ba?

ɗan_Mokoyo:
Haka ne, daga wuri ɗaya suke fitowa, kuma nan ne daɗin yake. Farkon shiga kana kare kanka ne kawai, harbi barkatai. Da ka fara sanin inda za su ɓullo sai ka daina gaggawa. Ka jira su jeru, ka kama takwas a lokaci guda, don makin takwas a haɗe ya ninka na ɗaya-ɗaya nesa ba kusa ba. Kuma wasan yana lura da kai. In ka harbo mafi yawan abin da ya gifta a zango, bos ɗin ƙarshe, wato babban abokin gaba, zai zo maka da siffarsa mai wuya, in ka yi sakaci ya zo da mai sauƙi. Mega, Giga, Tera, haka suke kiransu. Don haka ni da kai za mu iya bin hanya ɗaya amma ba abu ɗaya za mu tarar a ƙarshenta ba.

Bagobiri_Tibiri:
Yaya Sabongari, in ka hau bayan ɗan kabu-kabu daga Tibiri zuwa Maradi, shi ke riƙe da kan babur, kai kuwa idonka ya samu sarari, kana ganin gonaki da gulbi da duk abin da mai tuƙi ba ya da lokacin kallo. Da aka ɗauke maka wahalar tuƙi a wasan, sai aka cika maka ido da kunne da wani aiki.
Ni kuma abin da ya fi burge ni da gajeren wasa shi ne maganar kuran. Lokacin zafi, watan 4 da na 5, wa ke da tabbacin wuta za ta yi awa biyu ba ta ɗauke ba? Zango ɗaya na Rez minti goma ne da ɗoriya. Ka shiga, ka gama, ya ajiye maka. Dogon wasa kuwa kana tsakiyar aiki allo ya yi baƙi, ka koma baya. Mu nan gajeren wasa ya fi dacewa da rayuwarmu.

ƴar_UDDM:
Sannunku da hira. @ɗan_Mokoyo, tambaya ɗaya: da ka ce awa guda, har da zango na biyar? Don mutane da yawa suna gama huɗun farko su ɗauka shi ke nan. Na biyar ba ya buɗewa sai ka kai kashi 100 na bincike a kowane ɗaya cikin huɗun, wato ka harbe akwatin nan da ke wuce da kai hawa na gaba, duk hawa goma, ba ka tsallake ko ɗaya ba.

ɗan_Mokoyo:
Har da shi ƴar'uwa, kuma shi ne ma ya sa na buɗe wannan magana. Huɗun farko kowanne da ƙasar da aka ɗauko zanensa: na farko Masar da dalarta, na biyu Indiya, na uku Mesofotamiya wato Iraƙi ta da, na huɗu Sin. Bos ɗin na huɗu ba zan manta shi ba. Tubala ne suka taru suka zama ƙaton mutum yana gudu cikin wani dogon rami, kana binsa, kana harbi tubalan na zubewa daga jikinsa yana sake tattaro su, ƙafafunsa na sauka daidai da bugun ganga.
Na biyar kuwa daban yake. Kiɗan ya yi sanyi, an fara da kai cikin ruwa da ƴan ƙananan halittu, sannu a hankali ƙasa ta fito, itatuwa suka tsiro, ka haura sama. Tsakanin hawa da hawa rubutu na bayyana, na'urar da ka shigo cetowa, Eden, tana maganar rayuwa da mutuwa. Labarin dama shi ne ilimi ya yi mata yawa har ta fara shakkar samuwar kanta, tana neman kashe kanta, kai kuma ka kutsa cikin na'urar ka farkar da ita. Ba wani dogon surutu, amma na ajiye manet jikina a sanyaye.

Kawu_Soura:
Ƴaƴana, ni ba ɗan wasa ba ne, ɗana ne ya sa ni cikin zauren nan don in riƙa ganin abin da suke ciki. Na je na kalli hoton wasan da kuke magana. Gaskiya hankalina bai kwanta ba. Launuka na juyawa, abu na narkewa, haske na walƙiya. Mu da muke ganin abin da tramol ya yi wa samari a garin nan, in muka ga abin da ke kwaikwayon juyewar hankali dole mu tsaya mu yi tambaya. Shin ba ya kwaɗaita wa yaro neman abin da ya fi haka?

ɗan_Mokoyo:
Kawu, Allah ya ƙara girma, tambayarka a kan hanya take. Abin da zan iya faɗi shi ne wasan nan ba ya yiwuwa sai da hankali a tattare. Wanda kansa ba daidai ba, ba zai wuce bos na biyu ba. Ana taɓa ka sau ɗaya siffarka ta koma baya mataki guda, in ka koma ɗan ƙwallon haske aka sake taɓa ka, an gama. Kuma babu shan komai ko tallar komai a cikinsa.

Malam_Lissafi:
Kawu, ina wuni. In ƙara a kan nasa: asalin waɗannan launuka daga zane ne. Akwai wani mai zane ɗan Rasha, Kandinsky, ya rasu a 1944, wanda ya yi ta ƙoƙarin zana abin da kunne ke ji. Akwai mutane ƙalilan da Allah ya halitta haka, in sun ji sauti sai su ga launi, ba ciwo ba ne ba maye ba ne. Masu Rez sun sadaukar da wasan gare shi, sunansa na cikin rubutun ƙarshe. Shi kuma Mizuguchi ya faɗa cewa tunanin ya zo masa ne a wani babban bikin kiɗa na kan titi a birnin Zurik na Suwizalan a 1997, inda ya ga haske da sauti da taron jama'a suna motsi tare. Amma damuwarka a kan yara ba ta faɗi ƙasa ba. Ni malamin lakwal ne, abin da na fi gani yana cin yara shi ne wasannin salula da ba su da ƙarshe, masu kiran yaro kullum ya dawo ya sayi lu'ulu'u. Wasan da ke ƙarewa ya sallame ka ya fi sauƙin sa wa iyaka.

UwarGida_Jinya:
Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma tunda Kawu ya taɓo walƙiyar haske bari in yi magana, don akwai haɗari na gaske amma ba ta inda ake zato ba.
Akwai nau'in farfaɗiya da haske mai walƙiya ke tayarwa. Ba kowane mai farfaɗiya ba, kimanin 3 cikin 100 ne daga cikinsu, kuma ya fi yawa ga yara da matasa. Abin tsoron shi ne wani bai san yana da ita ba sai ranar da ya faɗi gaban allo. A Japan, ranar 16 ga Disamba 1997, an nuna wani kashi na zanen Pokémon a tele mai walƙiyar ja da shuɗi da sauri, aka kwashi mutum 685 zuwa asibiti, akasarinsu yara. Tun daga nan aka tsaurara ƙa'ida. Ma'aunin da ake bi a shafukan intanet shi ne kada abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 cikin daƙiƙa guda. Wasanni irin wannan suna sa gargaɗi a farko, amma wa ke karantawa?
Don Allah: kada a buga cikin ɗaki mai duhu, a kunna fitila. A ja baya daga allo. Kada a buga da gajiya ko rashin barci. In ka ji ido na rawa, kai na juyawa, ko hannu na fizga da kansa, ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka kau da kai, ka tashi.
In kuma wani ya faɗi, kada a cusa masa cokali ko tsumma a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, in fizgar ta lafa a juya shi gefe. In ta wuce minti 5, ko wannan ne karon farko, a kai shi likita. Kuma ku taya ni faɗa wa mutane: farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki. Na ga yaron da ya ƙone hannu don kowa ya gudu ya bar shi kusa da murhu saboda wannan tsoro.

Kawu_Soura:
Allah ya yi miki albarka ɗiyata. Wannan ya amfane ni ko ba don wasa ba.

MaiGidanPlay_Bagalam:
Anti, Allah ya saka. Gidajenmu kuwa duk a duhu muke barinsu don hoto ya fi fitowa, yara kuma hancinsu kamar ya taɓa allo. Daga yau zan bar ƙwai ɗaya a kunne in ja bencin baya.

MaiHaɗaKiɗa:
In dawo da mu kan wasan. Ni ina haɗa sauti a kwamfuta, kuma abin da Rez ya yi dabara ce da muka sani a aikinmu. Kai ba ka iya danna maɓalli daidai kan bugu kowane lokaci, ba wanda ke iyawa. Sai wasan ya riƙe sautin harbinka na ɗan ƙiftawar ido ya sake shi kan gurbin bugu mafi kusa. Shi ya sa ko wanda bai taɓa riƙe manet ba zai ji kamar shi ke kiɗan. Sannan kowane zango da siririn sauti yake farawa, bugu ɗaya tal. Kana wuce hawa ana ƙara masa kaya: ganga, sai bas, sai wani amo a sama, har hawa na goma ya cika maƙil. Da wasan zai bar ka ka yi yawo inda kake so, da wannan gini ya rushe, don dole mai wasan ya san inda kake a kowace daƙiƙa kafin ya haɗa hoto da sauti. Ke nan hanyar da aka shata ba rowa ba ce, ita ce ginshiƙin abin.

Sabongari227:
To in haka ne, mi ya sa a Area X suka sake ka? Na je na duba, a can kana tashi inda kake so, ka juya, ka yi gaba ka ja birki. Kuma kowa na cewa shi ya fi kyau. Ashe su da kansu sun gane ɗaure mutum ba shi ne ba.

MaiHaɗaKiɗa:
Tambaya mai ƙarfi. Amma ka lura, a Area X ma fili ne ake ba ka mai iyaka, ka gama da abin da ke ciki a wuce da kai na gaba. Ba gari ba ne da za ka ɓace a ciki. An sassauta igiya ne, ba a kwance ta ba.

Malam_Lissafi:
Kuma ba kowa ke cewa ya fi ba. Kyan gani, na yarda, ɗigon haske dubbai ne ke taruwa su zama kifi ko dodo. Amma ni zango na biyar na asali ya fi zauna mini, don can kowane abu an ajiye shi a gurbinsa da gangan. Area X bai fi minti ashirin ba ma, ya fi sauran gajarta a jimla, ka ga bai taimaki hujjarka ta tsawo ba.

Sabongari227:
Hujjata biyu ce Malam, tsawo da ƴanci. Ya taimaki ɗaya.

Ɗalibin_Islamiyya:
Ku yi haƙuri in shigo. Ni ba na sauraron kiɗa, ra'ayin da na ɗauka ke nan, ba kuma ina ɗora wa kowa ba. Amma ina son wasannin da ke gwada saurin ido. Ana iya buga shi a kashe sauti?

ƴar_UDDM:
Ana iyawa Malam, babu abin da zai hana ka gamawa, don ba irin wasan da dole ka danna kan bugu ba ne. Manet ma za ta ci gaba da kaɗawa. Sai dai gaskiya rabin abin da aka gina shi a kai ya tafi, bai kamata ka kashe kuɗinka a kansa ba. Panzer Dragoon zai fi maka. Kana bisa wani dodo mai fiffike, hanya na jan ka, amma kana iya juya kallo gaba da baya da gefe biyu don abokan gaba ta ko'ina suke zuwa. Saitin kama da yawa a saki lokaci guda ma daga can Rez ya gada, wasu daga cikin ma'aikatan ma can suka fito. An sabunta shi a 2020. Shi ko ba sauti wasan na nan daram.

Ɗalibin_Islamiyya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

MaiGyaranSalula:
Ga masu tambaya ta a shago ko akwai shi a salula: wasu na buga na Dreamcast ta manhajar kwaikwayo irin Redream ko Flycast, kuma ba ya da nauyi, salula matsakaiciya na ɗaukarsa. Amma abu biyu. Na ɗaya, kada ku sa ekuter, wato iyafis, na Bluetooth. Sautinsa yana makara kaɗan, a kallon bidiyo ba ka lura, amma a nan za ka saki harbi sai daga baya ka ji shi, daɗin duk ya lalace. Ku nemi mai waya ko na jaka guda ne. Na biyu, kada ku buga salula na kan caji cikin zafin nan. Batura nawa na canza da suka kumbura har suka ɗaga allo saboda haka.

Bakatsine_Jibiya:
Maganar iyafis ɗin nan gaskiya ce. Kuma ko a talabijin, wasu na zamani suna jinkirta hoto sai ka shiga saiti ka sa shi a yanayin wasa. Ni tambayata, akwai wanda ya taɓa gwada shi da gilashin VR a cikinku?

ƴar_UDDM:
Na gwada a Yamai wajen ɗan yayata. A can da kai kake saiti, inda ka kalla nan alamar ke zuwa, kuma in bos ya wuce ka sai ka waiga da gaske ka gan shi a bayanka. Mutumin tubalan nan da ɗan_Mokoyo ya faɗa, sai da na ɗaga kai sama kafin in ga kansa. Ya ci kyautar wasan VR na shekara a The Game Awards na 2016, kuma na ga dalili. Amma da na cire gilashin sai da na zauna jiri ya sake ni, kuma zufa ta jiƙe soson. Wanda mota ke sa wa amai ya bi a hankali.

UwarGida_Jinya:
Gargaɗin da na yi ya fi ƙarfi a kan gilashin nan, don ba inda za ka kau da kai. Kamfanin Sony da kansa ya ce ba na yaran da ba su kai shekara 12 ba ne.

Bagobiri_Tibiri:
Mu koma kan kuɗi, don can aka faro. Ni a ganina ba a auna wasa da awa kawai. Akwai mega. Manyan wasannin yanzu sai ka sauke giga hamsin ko fiye, wani ya haura ɗari, sannan kowane wata sabuntawa. Lissafa kuɗin forfen da za ka zuba kafin ka ga ko hoton farko. Ƙaramin wasa irin wannan ka sauke sau ɗaya, ba ya neman rezo kuma. In ka haɗa duka, wa ya fi tsada?

Sabongari227:
Wannan ka kawo magana. Amma mu da muke kai na'ura kasuwa a loda mana wasanni, ba mega muke kashewa ba. Kuma ko an loda mini shi, bayan sati guda mi zan yi da shi? Ƙwallo kullum sabuwa ce don mutum kake karawa da shi.

Malam_Lissafi:
A nan kam ba na jayayya da kai, karawa da mutum ba ta tsufa. Sai dai Rez ma yana da tasa karawar, ta maki. Akwai yanayin da ake buga zango ɗaya don tara maki kawai, kowa ya buga a rubuta nasa. Akwai kuma yanayin da ba a mutuwa sam, na wanda ke son ya zauna ya huta ko ya nuna wa baƙo. Wanda Rez ya yi masa daɗi kuma ya nemi Child of Eden na 2011, na Mizuguchi ne dai, da Sayonara Wild Hearts na 2019 da wani ƙaramin kamfani na Suwidin, Simogo, ya yi. Shi ma bai fi awa guda da rabi ba.

ɗan_Mokoyo:
@Sabongari227, ba na cewa ya maye gurbin ƙwallo, ni ma ina buga ta. Abin da nake cewa shi ne akwai wasan da kake shiga don ka kashe lokaci, akwai wanda kake shiga don ka ji wani abu. Cikin awa gudan nan ba minti ɗaya da aka sa don cike gurbi, ba aike, ba tara itace, ba jiran komai. Dogayen wasanni da yawa in ka cire musu yawo da maimaici, abin da zai rage bai fi haka ba. Amma in jaka goman ita ke gare ka kaɗai, ni ma ba zan ce ka saya ba. Ka jira lokacin rangwame, suna yawan karya kuɗinsa.

Sabongari227:
To ka ga mun ɗan matso kusa. Ni dai har yanzu ba zan sa kuɗina ba, amma zan so in riƙe manet in ji kaɗawar nan da kuke ta faɗa kafin in ƙara magana.

MaiGidanPlay_Bagalam:
Ga shawara. Ranar Lahadi da hantsi gidana ba kowa sai bayan azahar. ɗan_Mokoyo ya zo da na'urarsa, ni in ba da tele da gurup ko da wuta ta ɗauke. Zango ɗaya, kowa ya buga sau ɗaya, a rubuta maki a allo. Ina so in ga ko yara za su yi layi a kansa yadda suka yi wa Time Crisis, don in sun yi, akwai yadda zan sa shi cikin sana'a: dala ashirin zango ɗaya. Fitila a kunne kamar yadda Anti ta ce, kuma duk yaron da aka san yana faɗuwa ba zai zauna gaban allo ba.

ɗan_Mokoyo:
Na yarda, in sha Allahu. Zango na farko za mu sa don sababbi, ya fi sauƙi.

ƴar_UDDM:
Na farko ya yi sanyi da yawa, ba zai nuna wa Sabongari komai ba. Ku sa na huɗu.

MaiHaɗaKiɗa:
A'a, na huɗu zai kashe sabon shiga tun kafin ya ga mutumin tubalan. Na biyu ya fi. Zan zo da baful ɗina mai waya, don lasifikar tele ba ta fitar da bas. Maigida, telenka tana da ramin ekuter a baya ko sai na zo da wata waya?